Daga A-kori-kura Zuwa Hilux: Tarihin Lodi a Hanyar Sheme da Maganar Jan Tirela

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Ƙanena ne ya jawo shirin yau. Shi da abokan nomansa biyu sun haɗa kuɗin masarar bana da na bara, sun sayar da shanun huɗa, suna so su sayi tsohuwar Hilux. Shirinsu shi ne su ɗaura mata tirela a baya, su riƙa jan injin bugun masara gona zuwa gona a tsakanin Sheme, Daudawa da Yankara, in an gama bugu kuma su kwaso buhuna zuwa kasuwa. Tirelar da nake nufi ba irin babbar nan ta Dangote ba ce, ƙarama ce mai taya biyu ko huɗu, irin wadda masu walda ke haɗawa. Ya kira ni da daddare ya ce, "Yaya, kai da ka san mota, wacce ce ta fi ƙarfin ja?"

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Ba don ban san amsa ba, sai don tambayar tasa ta tuna mini da wata rana da na kusa rasa raina ina ɗan shekara goma sha biyu. Zan zo kanta. Amma bari mu koma baya tukuna, don yadda muke kallon mota a wannan yanki yana da asali.

Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar kaya ce tun fil azal. Kafin masara, auduga ce sarauniya. Turawa sun kafa gonar irin auduga a Daudawa tun a shekarun 1920, kamfanin BCGA kuma, wanda bakinmu ya mayar Bisije, ya kafa injin gurza a Funtua. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya isa Kauran Namoda a 1929. To daga ƙauye zuwa bakin layin dogo fa? Jaki ne, da kan mutum, daga baya amalanken shanu. A cikin gari kuma akwai kura, wato keken katako mai taya da ƙarti ke turawa. Ku riƙe wannan kalmar, kura.

Duk waɗannan abubuwan hawa suna da hali ɗaya: su ne ke gaya maka iyakarsu. Jaki in lodi ya yi masa yawa sai ya durƙushe. Shanu su tsaya cak, ko ka karya sanda a kansu. Mai tura kura ya ce maka maigida wannan sai sahu biyu. Ma'aunin kakanninmu kenan, kuma a zamaninsu daidai ne: in abu ya tashi da kaya, to ya iya. Gudunsu bai wuce tafiyar ƙafa ba, tsayawa ba ta taɓa zama matsala ba.

Sai ga ƙaramar motar ɗaukar kaya ta shigo. Bahaushe ya dube ta, ya ga ta kwashe aikin masu kura a sahu ɗaya, ya raɗa mata a-kori-kura. Wallahi ina son wannan suna, tarihi ne guda a cikin kalma uku. Wadda ta fi cin sunan a wajenmu ita ce Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, Fijo kenan. Faransa ta fito da 404 a 1960, mai ɗaukar kayan ta biyo baya bayan wasu shekaru. Inji ne ɗan ƙarami mai lita 1.6, giya a jikin sitiyari, sifirin na baya mai faranti-faranti. Abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba, wato buhun masara goma.

Abubuwa biyu suka haɗu a 1975 suka sa Fijo ta zama tamu. Na farko, Janar Yakubu Gowon ya buɗe kamfanin haɗa Peugeot na PAN a Kakuri, Kaduna. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassan motocin daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a haɗa. Kayan gyara suka wadata, kowane bakanike daga Funtua har Ƙanƙara ya haddace injin Fijo kamar karatun allo. Na biyu, a wannan shekarar aka fara shirin raya noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. A lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke jihar Katsina. Shirin nan ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, ya yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. Masara da a da ake shukawa a bayan gida don gashi, ta koma amfanin da ake cika rumbu da shi a kai kasuwa. Taki ya shigo, masara ta fita, duka a bayan a-kori-kura.

Kawuna yana cikin direbobin wancan zamani. Ya fara da 404, daga baya ya koma 504 mai ɗaukar kaya. In yana ba da labari yakan ce buhu goma ai na masu farar riga ne, su sha biyar suke ɗorawa, wani lokaci har ashirin, ga mutane a sama sun yi sahu. Yadda ake yi kuwa, a je wajen bakanike a ƙara faranti biyu ko uku a sifirin, bayan motar ya ɗaga sama kamar ɗan akuya, in an yi lodi ya dawo daidai. Kuma ta tashi. Nan fa aka samu matsalar da muka gada: Fijo tana da haƙuri fiye da kima, ba ta durƙushewa kamar jaki, sai muka ci gaba da auna ta da ma'aunin jaki. In dai ta tashi, ta iya. Ba wanda ya ƙara wa birki ko faranti ɗaya.

Jan kaya a baya kuma aikin tantan ne a lokacin, wato tarakta. Akwai masana'antar Steyr a Bauchi da ke haɗa taraktoci da manyan motoci, ga Massey Ferguson da Fiat da gwamnati ke bayarwa haya. Tantan na jan tirela cike da buhuna, sau da yawa tirelar ba ta da birki nata, kuma yana isa lafiya. Dalili? Tantan abu ne mai nauyi, tayoyinsa na baya manya, gudunsa kuma bai cika wuce kilomita 25 ko 30 a awa ba. Daga wajensa muka koyi cewa tirela ba ta bukatar birki. Darasin gaskiya ne a kan tantan. Da aka ɗauke shi aka ɗora wa mota, sai ya zama tarko.

To ga ranar da na ce zan zo kanta. Farkon damina ne, a shekarun 1990. Lokacin tsarin tsuke bakin aljihu da Babangida ya kawo a 1986 ya riga ya sa sabuwar mota ta gagari talaka, mai ya ƙara kuɗi, kowa na neman yadda zai yi sahu ɗaya maimakon biyu. Wani mai walda ya haɗa wa Kawu tirela da ƙafafun wata matacciyar mota, ya liƙa ƙugiya a jikin bamba. Muka je Funtua ɗaukar taki. Buhun taki kilo 50 ne. Aka sa ashirin a bayan 504, aka sa talatin a tirela. Ku lissafa: tan ɗaya a baya, tan ɗaya da rabi a tirela, ban da nauyin ƙarfen tirelar kanta. Abin da muke ja ya fi motar da ke jansa nauyi.

Ta tashi kuwa, lafiya lau. Kawu har yana buga sitiyari yana yi mata kirari. Ina gaba kusa da shi, yaron motarsa yana zaune kan buhuna a baya. Mun wuce Mairuwa, hanya ta ɗan gangara, sai ga garken shanu sun fara tsallaka titi can gaba. Nisan da yake tsakaninmu, in motar ita kaɗai ce, ya isa a tsaya har a sha ruwa. Kawu ya taka birki. Abin da na ji ba zan manta ba: kamar wani ƙato ya sa hannu biyu yana tura mu daga baya. Motar tana son tsayawa, tirelar ba ta san an taka birki ba. Bayan motar ya goce gefe, tirelar ta naɗo ta bugi bodi, muka sauka daga kwalta muka kwanta a cikin kwalbati. Allah ya yi da sauran kwana. Ni goshina ne ya fashe, tabon na nan. Yaron motar ya karye a cinya, ya yi watanni a hannun mai ɗori, har yau yana ɗingishi. Takin kuma na mutane ne, da yawa ya fashe, ruwa ya sauka da yamma. Kawu ya shekara biyu yana biyan bashi.

Mutanen gari suka ce tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma Kawu da kansa, da na girma na tambaye shi, cewa ya yi, "Ɗana, ni na tambayi motar ko za ta ja, ta ce za ta ja. Ban tambaye ta ko za ta tsaya ba."

Yanzu zamanin Fijo ya wuce, an daina haɗa 504 a Kaduna tun wajen tsakiyar shekarun 2000. Kanta da J5 suka karɓi lodin kasuwa, Hilux kuma ta zama motar da kowane saurayi ke mafarki. Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968. Sunanta ya ƙara fita a nahiyarmu a 1987, lokacin da sojojin Cadi na Hissène Habré suka fatattaki sojojin Gaddafi a Fada da Wadi Doum a kan motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya, har ake kiran yaƙin da Yaƙin Toyota. Nan gida kuma mun san ta da jami'an tsaro da 'yan siyasa da 'yan kwangila. Sai aka wayi gari ana ganin Hilux ba abin da ya gagare ta. Haɗarinta a nan yake: ta fi Fijo ƙarfi nesa ba kusa ba, za ta ja abin da ya ninka na Kawu ba tare da ta yi ko tari ba, kuma a guje.

Ga wani lissafi da nake so kowa ya riƙe. Ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake. In ka ninka gudu sau biyu, aikin birki ya ninku sau huɗu. Tantan mai tafiyar kilomita 25 da Hilux mai kilomita 100, kaya iri ɗaya, na Hilux ya ninka sau goma sha shida. Kun ga dalilin da ya sa tirelar da ta shekara ashirin bayan tantan ba ta kashe kowa ba, rana ɗaya bayan mota za ta iya.

Bayan kwana biyun na kira ƙanena, na ce ya ɗauko biro. Ga abin da muka tattauna.

Ya ce ya gani a intanet Hilux tana jan kilo 3,500. Gaskiya ne, amma wace Hilux, kuma wace tirela? Wannan adadin na wasu sababbin samfura ne masu dizal, irin waɗanda suka fito daga 2015 zuwa yau, kuma da sharaɗin tirelar tana da birki nata. Mai fetur lita 2.7, wadda ita ta fi yawa a titunanmu, a ƙasashe da dama kilo 2,500 aka rubuta mata. In kuwa tirelar ba ta da birki, adadin da Toyota ke rubutawa kilo 750 ne kacal, kuma shi ne iyakar da dokar ƙasashen Turai ta sa. Wannan 750 ɗin har da nauyin tirelar kanta. Na ce masa, tirelar da mai waldarku zai haɗa, babu komai a kanta za ta kai kilo 500. Saura nawa? Ya yi shiru, ya ce 250. Na ce buhun masara biyu da rabi kenan. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Yaya, ai wannan ko amalanke ya fi." Na ce ƙwarai kuwa, amalanke ya fi, don shi ba ya gudun ɗari.

Ko da tirelar mai birki ce, akwai wani adadin da masu talla ba sa ɗaga murya a kansa, wato jimillar nauyin mota da kayanta da tirela gaba ɗaya. A takardun da Toyota ta fitar a Ostareliya na wasu samfuran Hilux masu dizal lita 2.8, jimillar kilo 5,850 ce. Cire 3,500 na tirela, saura 2,350. Motar kanta ta kai wajen 2,100. Abin da ya rage bai wuce kilo 250 ba, direba da mutum biyu kenan, shi kenan. Ma'ana ba a cika baya a cika tirela lokaci guda. Daidai abin da Kawu ya yi kenan da takinsa.

Sai kuma tarkon 'yan Kwatano. Motocin da ke shigowa daga Amurka, irin su Tacoma da Tundra, da fam ake rubuta nauyinsu, ba kilo ba. Kilo ɗaya fam 2.2 ne. Akwai Tacoma da yawa da aka rubuta wa 3,500, dillali zai nuna maka ya ce ka gani, daidai take da Hilux. Fam ne. In ka mayar kilo bai kai 1,600 ba, ƙasa da rabi. Wadda ke jan sama da haka ita ce mai babban inji V6 da aka haɗa wa kayan ja tun daga kamfani, har da na'urar sanyaya man giya. Don haka a buɗe ƙofar direba a karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, a nemi littafin motar, kada a tsaya kan bakin dillali.

Abin dariya, su ma Amurkawan sun daɗe suna irin namu. Kowane kamfani ya auna motarsa yadda ya ga dama ya buga babban adadi. Sai a 2008 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ma'auni ɗaya mai suna J2807, manyan kamfanoninsu kuma ba su bi shi sosai ba sai wajen 2015. A cikin gwajin akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, kusan kilomita 18 ana hawa, a zafin da ya kai digiri 38, na'urar sanyi a kunne, injin kada ya tafasa. Ana gwada birki, ana gwada ko tirela za ta yi lilo. Da na karanta zafin nan sai na ce to ai watan Afrilu ne a Faskari.

Mun daɗe kan maganar ƙugiya, don ita ce ta fi ba ni tsoro. Ƙugiyar ja a jikin shasi ake ɗaure ta da manyan kusoshi, ba a jikin bamba ba, ba kuma a ɗan ɗiga mata walda a ce ta kama. A sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan tirela, ko ƙugiya ta saki sarƙa ta tallafe. Wajen lodi kuma nauyi ya fi yawa a gaban tayoyin tirela, yadda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta zai danna ƙugiyar. In kaya suka taru a wutsiya, tirela za ta fara rawa hagu da dama da zarar an ɗau gudu, tana jan bayan mota tare da ita. Wanda ya ji haka ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya daka birki. A gangara kuma a sauko giya, injin ya taimaka, don birkin da aka daɗe ana takawa zafi yake yi ya daina kamawa. Masu jan tankin ruwa su ƙara hattara: lita 1,000 tan ɗaya ce, kuma tankin da bai cika ba ya fi cikakke haɗari, ruwan kan bugo gaba duk lokacin da aka taka birki. Shanu ma haka, kaya ne masu motsi. Taya kuwa, a duba lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Fitilar baya a jikin tirela ba ado ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988 take, amma ba ita za ta bi ka hanyar gona da magariba ba.

Akwai magana ɗaya da ba za ka samu a littafin Toyota ba, tamu ce ta gida. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ya ce su zagaya ta Funtua, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Direban yankin nan ya san darajar juyawa cikin daƙiƙa biyar in mai tahowa ya yi masa fitila cewa gaba ba lafiya. Mota mai tirela ba ta juyawa haka. Ba ta ja da baya da sauri, in ba ƙwararre ba ne ma naɗewa za ta yi ta tare titin. In ta lalace a daji saboda lodi ya cinye kuloci ko lagireto ya tafasa, ba a nan kake son kwana ba. Wannan shi ya fi sa ƙanena yin shiru mai tsawo a waya.

Ra'ayina, na kuma gaya masa kai tsaye: in buhuna ne damuwarsu, Kanta ta fi musu Hilux da tirela, don ita an ƙera ta ne ta ɗauka a bayanta, birkinta ma na wannan aikin ne. Sai dai samari ba sa son jin haka, Kanta ba ta da kwarjini a gidan biki. In kuma lallai sai Hilux, to su nemi mai dizal, mai jan ƙafa huɗu saboda laka, su ware kuɗin tirela mai birki a cikin kasafin tun farko, irin wadda birkinta ke kamawa da kansa idan ta turo motar. Su kai ta sikelin auna motoci, akwai a wasu kamfanonin auduga da hatsi, su san nauyinta na gaskiya ba na ƙiyasi ba.

Har zuwa jiya ba su saya ba. Abokan nasa sun rabu biyu, ɗaya na Kanta, ɗaya na Hilux, shi yana tsakiya. Na ce kafin su yanke su je su gaida Kawu, yana nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni amma bakinsa garau. Sun je ranar Juma'a bayan masallaci. Ƙanena ya ce bai ce musu komai kan mota ba, aikawa ya yi aka kira tsohon yaron motarsa daga shagonsa, ya ce ya tako daga bakin zaure zuwa inda suke zaune.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, inda za mu ɗauko tarihin layin dogon Kauran Namoda. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.